Charles Steinmetz: Mai lalurar ƙashi da lissafinsa ke riƙe da wutar lantarki

A shekarar 1889 wani jirgin ruwa da ya taso daga Turai ya tsaya a tashar birnin Niyok na ƙasar Amurka, ya sauke baƙi masu neman abin yi. A cikinsu akwai wani saurayi ɗan shekara 24 wanda tsawonsa bai wuce ƙafa huɗu da 'yan inci ba. Yana da ƙusumbi, ƙugunsa a karkace yake, tafiyarsa da ɗingishi, ga shi kuma fuskarsa ta kumbura saboda rashin lafiyar da ya yi a hanya. Aljihunsa babu komai, Turancinsa kuma bai taka kara ya karya ba.

Dokar shige da fice ta Amurka ta 1882 ta ba jami'an tasha ikon mayar da duk baƙon da suka ga alamar zai zame wa hukuma kaya. Da suka dubi wannan saurayi sai suka ga ya cika sharaɗin, suka yi niyyar mayar da shi inda ya fito. Abokin tafiyarsa, wani ɗan asalin ƙasar Denmak mai suna Oscar Asmussen, shi ne ya tsaya masa. Ya fito da kuɗi ya nuna musu, ya ba su tabbacin cewa abokin nasa masani ne kuma ba zai nemi taimakon kowa ba. Da haka aka bar shi ya wuce.

Wannan saurayi shi ne Charles Proteus Steinmetz. Kafin shekara biyar ta cika ya fito da ƙa'idojin lissafi guda biyu waɗanda har gobe injiniyoyi ke amfani da su wajen ƙera taransifoma da janareta da injinan da ke juyawa da lantarki. Duk taransifoman da ke gefen titi a Kano ko Zariya ko Makarfi, da injin niƙa da famfon ruwa da ke aiki da wutar gwamnati, akwai hannun wannan mutum a cikin lissafin da aka ƙera su da shi.

Haihuwarsa da lalurar da ya gada

An haife shi ranar 9 ga Afrilu, 1865, a birnin Breslau, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Prussia ta Jamusawa, a yau kuma yana cikin ƙasar Folan da sunan Wroclaw. Sunan da aka raɗa masa shi ne Karl August Rudolph Steinmetz. Mahaifinsa ma'aikacin hukumar jirgin ƙasa ne, yana aikin ɗab'i. Mahaifiyarsa Caroline ta mutu yana ɗan shekara guda, don haka a hannun mahaifinsa da kakarsa ya tashi.

Lalurar da aka haife shi da ita ba baƙuwa ba ce a gidan. Mahaifinsa yana da ita, kakansa ma haka. Ta haɗa abubuwa uku: gajarta irin ta wada, lanƙwasar ƙashin baya wadda ke fitar da ƙusumbi, da kuma rashin zaman mahaɗar ƙugu daidai. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi taɓa tafiyarsa. A jikin mai lafiya, kan ƙashin cinya mulmulalle ne kamar ƙwallo, yana zaune daram a cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo a jikin ƙashin ƙugu. Idan gurbin bai yi zurfi ba tun a ciki, ko kan ƙashin bai ginu da kyau ba, sai ya riƙa zamewa. Ƙafa ɗaya takan fi ɗaya tsawo, mutum ya riƙa rangaji idan yana tafiya, mahaɗar kuma ta soma cinyewa da ciwo tun da sauran ƙuruciya.

Likitoci sun tattara irin waɗannan cututtuka na ginuwar ƙashi a rukuni guda, sun ƙirga musu nau'i fiye da 400. Kowane nau'i shi kaɗai ba a cika ganinsa ba, amma idan aka haɗa su gaba ɗaya ana ƙiyasta cewa suna samun jariri ɗaya a cikin kimanin 5,000. Asalinsu sauyi ne a ƙwayar gado da ke tsara yadda guringuntsi ke rikiɗa ya zama ƙashi. Wasu nau'o'in sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar kafin ta bayyana a jikin ɗa, kamar yadda aka sani game da sikila. Wasu kuma ɗaya daga cikin iyaye ya isa, kuma a irin wannan hali kowane ciki yana da rabin yiwuwar ɗaukowa. Lalurar da ta bi kaka da uba da jika a jere, kamar ta gidan su Steinmetz, irin wannan hanya ta biyu take nunawa.

Karatu da gudun hijira

Mahaifin Steinmetz ya san abin da ɗansa zai fuskanta, domin shi ma a cikin irin wannan jiki yake rayuwa, kuma da aikin hannunsa yake ciyar da gidansa. Bai ɓoye yaron a ɗaki ba, ya sa shi makaranta. A sakandaren Johannes da ke Breslau malamai suka ga abin mamaki a wajensa ta fannin lissafi da kimiyya, ya kuma ƙware a harsunan Latin da Girkanci. Ya shiga Jami'ar Breslau a 1883.

A can ne ya samu laƙabin da ya bi shi har kabari. Ƙungiyar ɗalibai masu nazarin lissafi tana da al'adar raɗa wa kowane sabon shiga suna, shi kuma suka kira shi Proteus, sunan wani tsoho na cikin tatsuniyoyin Girkawa wanda ke zaune a teku, mai sauya kama, mai sanin abin da ya ɓoyu ga mutane. Da ya zama ɗan ƙasar Amurka daga baya sai ya mayar da Karl ya koma Charles, ya kuma saka wannan laƙabi a tsakiyar sunansa.

Zamanin nasa na ɗalibta ya zo daidai da mulkin Otto von Bismarck, wanda tun 1878 ya kafa dokar hana taruka da jaridun 'yan gurguzu. Steinmetz ya shiga ƙungiyarsu ta ɗalibai, ya kuma riƙa rubutu a jaridarsu ta garin. A 1888, yana dab da karɓar digirinsa na uku a fannin lissafi, 'yan sanda suka soma bibiyarsa. Ya tsere zuwa birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, ya bar digirin da ya sha wahala a kansa, ya bar mahaifinsa wanda bai sake gani ba. A Zurich ya ɗan yi karatun injiniya, ya kuma zauna ɗaki ɗaya da Asmussen. Da Asmussen ya tashi tafiya Amurka a shekarar da ta biyo, shi ya biya masa kuɗin jirgi.

Daga masana'antar huluna

Aikinsa na farko a Amurka ya same shi ne a garin Yonkers, kusa da Niyok, a masana'antar wani Bajamushe mai suna Rudolf Eickemeyer. Shi ma Eickemeyer ɗan gudun hijirar siyasa ne, ya baro gida bayan boren 1848, ya yi arziki da ƙera injinan yin huluna, sannan ya juya ga injinan lantarki. Ya ɗauki Steinmetz a matsayin mai zanen injina a kan dala 12 a mako. Ba a daɗe ba ya gane cewa abin da ke kan yaron ya wuce zane, ya ware masa ɗan ɗakin gwaji.

A lokacin ana cikin takaddama mai zafi a kan irin wutar da ya kamata a raba wa birane. Thomas Edison yana goyon bayan wuta mai tafiya ta fuska ɗaya, irin ta batir da farantin sola, wadda masu gyara ke kira DC. George Westinghouse, wanda ya sayi ƙirƙire-ƙirƙiren Nikola Tesla, yana goyon bayan wuta mai kai da komowa, wato AC, wadda ke sauya fuska sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. A Nijeriya tana yin zagaye 50 a daƙiƙa, a Amurka 60. Fifikon AC shi ne ana iya ɗaga ƙarfin turinta da taransifoma a aika ta nesa ba tare da ta zube a hanya ba, sannan a sauko da shi idan ta iso. Da haka ne wutar Kainji da Shiroro ke tafiya a kan bolt 330,000, a sauke ta zuwa 132,000, sai 33,000, sai 11,000, har ta shigo shago da ɗaki a kan bolt ɗari biyu da 'yan kai.

Sai dai akwai wata matsala da ta hana injiniyoyi barci. Cikin taransifoma ƙarfe ne, kuma duk lokacin da wutar ta sauya fuska sai ƙarfen ya zama maganaɗisu ta wannan gefe, sannan ta wancan. Ƙarfe kuwa yana da nawa, ba ya sakin maganaɗisun nan take, sai an tilasta shi. Ƙarfin da ake kashewa wajen tilasta shi yana fita ne a matsayin zafi. Masanin kimiyya James Alfred Ewing ya riga ya sa wa wannan ɗabi'a suna histeresis, amma babu wanda ya iya faɗin yawan asarar kafin a ƙera inji. Sai a kashe kuɗi a ƙera, a kunna, idan ya ɗauki zafi fiye da kima a watsar a sake sabo.

Steinmetz ya tattara alƙaluman da Ewing ya wallafa, ya haɗa da nasa gwaje-gwajen a kan ƙarafa iri-iri, ya gano cewa asarar tana bin ƙa'ida guda. Idan aka ninka ƙarfin maganaɗisun sau biyu, zafin da ake asara yana ninkuwa kusan sau uku, kuma kowane irin ƙarfe yana da lambarsa da ake sakawa a lissafin. Ya gabatar da wannan a gaban ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Amurka a watan Janairun 1892, yana ɗan shekara 26. Daga ranar mai ƙera inji yana iya zama da takarda da alƙalami ya san zafin da injinsa zai yi tun bai sayi ƙarfe ba.

Lissafin da ya sauƙaƙa aiki

Gudummawarsa ta biyu ta fi ta farko faɗi. Tun da wutar AC ba ta tsayawa wuri ɗaya, hawa take tana sauka, lissafinta a da yana buƙatar ilimin lissafi mai zurfi wanda yawancin injiniyoyin zamanin ba su da shi. A babban taron masana lantarki na duniya da aka yi a birnin Shikago a 1893, Steinmetz ya nuna yadda za a wakilci wutar da lambobi masu ɓangare biyu, ɗaya yana nuna girma, ɗaya yana nuna yadda ta yi gaba ko ta yi baya a zagayenta. Ta wannan hanya lissafin ya dawo tarawa da ɗebewa da ninkawa. Wani injiniya mai suna Arthur Kennelly ya taɓo wannan tunani a shekarar, amma Steinmetz ne ya gina shi ya zama cikakken tsari, ya kuma dage wajen koyar da shi. Littafinsa na 1897 a kan lissafin wutar AC, wanda ya rubuta tare da mataimakinsa Ernst Berg, ya zama abin karatu a makarantun injiniya. Ɗalibin da ke karanta injiniyan lantarki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da wannan hanya yake warware tambayoyin jarrabawarsa.

A 1892 aka haɗe kamfanin Edison da na Thomson-Houston aka kafa General Electric. Sabon kamfanin ya sayi masana'antar Eickemeyer saboda takardun mallakar ƙirƙirar da take da su, kuma Steinmetz yana cikin abin da ya sa aka ga cinikin ya yi riba. An fara kai shi garin Lynn, sannan a 1894 aka mayar da shi Schenectady da ke Jihar Niyok, inda ya shugabanci sashen lissafi na kamfanin. A garin ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Shi ne ya matsa wa kamfanin lamba ya buɗe ɗakin bincike na musamman, kuma da aka amince a 1900, a rumfar ajiye keken doki da ke bayan gidansa aka soma aikin, ƙarƙashin wani masanin sinadarai mai suna Willis Whitney. Ya shugabanci ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Amurka daga 1901 zuwa 1902. Jami'ar Harvard ta ba shi digirin girmamawa a 1902, a shekarar kuma ya soma koyarwa a Kwalejin Union da ke Schenectady, inda ya jagoranci sashen injiniyan lantarki har 1913. Takardun mallakar ƙirƙira da ke ɗauke da sunansa sun haura 200.

Duk wannan aiki da jikin da zama a kujera ke wahalar da shi ya yi shi. Yakan tsaya ya jingina da tebur, ko ya durƙusa a kan ɗan benci ya sunkuya a kan takarda, sigari a bakinsa. Da bazara yakan koma wata bukkar katako da ya gina a gefen ruwa kusa da Kogin Mohawk, ya shiga kwalekwale, ya gitta allo a kansa, ya yi ta lissafi ruwa na tafiya da shi.

Gidan da ya gina ba tare da aure ba

Steinmetz mutum ne mai son yara da son jama'a, amma bai yi aure ba. Ya ga lalurar a jikin mahaifinsa, ya san kakansa ma da ita ya rayu, ya kuma yanke wa kansa hukuncin cewa ba zai miƙa ta ga wani ba. Ya yanke wannan hukunci ne a zamanin da babu gwajin ƙwayar gado, babu tiyatar sauya mahaɗar ƙugu, babu likitan da zai zauna da shi ya faɗa masa cewa ɗansa yana iya zuwa lafiya lau. Zamani ne kuma da ra'ayin tace zuriya ya yi ƙarfi a Amurka, har Jihar Indiana ta kafa doka a 1907 ta hana wasu rukunin mutane haihuwa da ƙarfin tsiya. Mutumin da kamfanin ƙasar mafi girma a harkar lantarki ke taƙama da shi yana zaune ne a cikin al'ummar da wasu manyanta ke ganin irinsa bai kamata a haifa ba.

Ya gina babban gida a titin Wendell, da ɗakin gwaji a jikinsa da ɗakin gilashi na renon tsirrai. Ya tara tsirran hamada masu ƙaya, ya ajiye 'yan kadoji da ƙadangaru masu dafi da hankaki. Amma gida ba ya cika da dabbobi. Yana da wani matashin mataimaki mai suna Joseph LeRoy Hayden wanda suka shaƙu ƙwarai. Da Hayden ya auri wata mai suna Corinne, sai Steinmetz ya roƙe su su dawo gidansa da zama. Amaryar ta yi jinkiri, sannan ta amince bisa sharaɗin cewa ita ce za ta tafiyar da gidan yadda ta ga dama, kuma idan an kira cin abinci za a ajiye aiki a zo. Ya karɓi sharaɗin.

Daga baya ya mayar da Hayden ɗansa bisa tsarin dokar Amurka, 'ya'yan Hayden uku, Joe da Midge da Billy, suka tashi suna kiransa kaka. Abin ya yi kama da riƙon da aka sani a ƙasar Hausa, inda wanda Allah bai ba haihuwa ba yakan ɗauki ɗan ɗan'uwa ko na amini ya rena, gidansa ya cika da hayaniya kamar na kowa. Sauran shekarunsa a cikin wannan iyali ya yi su.

Hidimar makarantu da siyasa

Arziki da suna ba su raba shi da ra'ayin da ya kore shi daga Jamus ba. A 1911 mutanen Schenectady suka zaɓi George Lunn na jam'iyyar gurguzu a matsayin magajin gari, shi kuma ya naɗa Steinmetz a hukumar ilimi ta birnin. Ya yi shekara shida a hukumar, huɗu daga ciki yana shugabanta. Ya tarar da makarantu sun yi wa yara kaɗan, har wasu rabin yini kawai suke samu. A zamaninsa aka ƙara azuzuwa da lokacin karatu, aka soma ba yara abinci a makaranta, aka ɗauki ma'aikatan jinya, aka raba littattafai kyauta, aka kuma buɗe azuzuwa na musamman ga 'ya'yan baƙi da yara masu lalura. Ya san ɗaci biyun da kansa, na baƙunta da na lalura.

An kuma zaɓe shi shugaban majalisar birnin. A 1922 ya tsaya takarar muƙamin babban injiniyan Jihar Niyok a ƙarƙashin jam'iyyarsa, bai ci ba. A shekarar ya rubuta wa shugaban Rasha ta Sobiyet, Lenin, wasiƙa yana tayin taimakawa da shawara wajen kai lantarki sassan Rasha. Lenin ya amsa masa da godiya, ya kuma aiko masa da hotonsa da sa hannu.

Mai ƙera tsawa

Aikinsa na uku babba ya shafi abin da ke faruwa a layin wuta cikin ƙiftawar ido, lokacin da tsawa ta faɗa ko aka katse babban layi farat ɗaya. Wanda ya taɓa ganin yadda hadarin farkon damina ke ƙona taransifoman unguwa, a kwashe makonni ana karo-karon kuɗin gyara, ya san girman wannan matsala.

A 1920 tsawa ta faɗa wa bukkarsa ta bakin ruwa, ta farfasa wani madubi. Maimakon ya share tarkacen, sai ya sa aka tattara gutsattsarin, aka jera su kamar yadda suke, domin ya karanta hanyar da wutar ta bi. Daga nan ya ƙera na'urar da ke tara wuta ta sake ta gaba ɗaya, mai ƙarfin bolt 120,000. A farkon 1922 ya kira 'yan jarida ɗakin gwajinsa, ya saki tsawarsa a kan gungumen itace, ya tarwatse a gabansu. Jaridu suka yi ta yayata labarin gajeren mutumin da ke jifa da aradu. Manufar na'urar dai ita ce gwada kariyar da ake ɗora wa layukan wuta, wadda ke karkatar da tsawa zuwa ƙasa kafin ta isa taransifoma.

Mutuwarsa

A ƙarshen 1923 ya yi doguwar tafiya ta jirgin ƙasa zuwa yammacin Amurka tare da iyalin Hayden, yana tsayawa birni-birni yana gabatar da lacca, jama'a na cika ɗakuna don su gan shi. Ya dawo a gajiye, likita ya umarce shi da ya kwanta ya huta. Da safiyar 26 ga Oktoba, 1923, zuciyarsa ta tsaya, yana da shekara 58. An binne shi a maƙabartar Vale da ke Schenectady.

Shekara 18 bayan shigarsa Amurka, wato a 1907, majalisar ƙasar ta gyara dokar shige da fice, ta ambaci masu naƙasar jiki da ake ganin za ta hana su neman abinci a cikin waɗanda za a mayar. Da a lokacin ya iso, da wuya kuɗin Asmussen su cece shi.

Darasi ga namu yaran

A garuruwa irin su Nasarawan Doya da Gubuchi a Ƙaramar Hukumar Makarfi, ko ƙauyukan Ikara da Kudan, yaron da aka haifa da karkatacciyar ƙafa ko ƙugu yakan fara da hannun maɗori ko mai maganin iska, kuma sau da yawa duk wata lalurar ƙafa shan-inna ake kiranta. Alhali kuwa abubuwa ne daban-daban. Shan-inna ƙwayar cuta ce da ke kashe jijiya, kuma tun watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa nau'inta na asali ya ƙare a Afirka. Gwame da ƙafar baka a jikin ƙananan yara sau da yawa ƙarancin sinadarin gina ƙashi ne a abinci, kuma binciken da aka yi a Jos ya nuna cewa yana gyaruwa da magani. Zamewar mahaɗar ƙugu, idan an gano ta a watannin farko na haihuwa, ana gyara ta da wani ɗauri mai riƙe cinyoyi a buɗe, ba tare da wuƙa ba. Likitoci sun ma lura cewa ba ta cika yawa ba a ƙasashen da ake goyon jariri a baya, domin goyo yana ajiye cinyoyin a daidai yanayin da mahaɗar ke so. Nau'o'in gado irin na Steinmetz ba sa warkewa, amma tiyata da gashi da takalmi na musamman suna rage ciwo su miƙe tafiya. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da likitocin wannan fanni, kuma duka biyun tafiyar yini ce a je a dawo daga Makarfi.

Ta fuskar doka ma akwai abin riƙewa. Dokar hana nuna wa masu lalura bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba su damar karatu kyauta har zuwa sakandare, ta haramta amfani da su wajen bara, ta kuma buƙaci ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙarin ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Aiwatar da ita yana hannun shugaban makarantar da zai karɓi yaro ko ya ce babu wuri, da jami'in da ke tace takardun masu neman aiki, da ɗan kasuwar da zai ɗauki yaron shago.

A rayuwar Steinmetz mutum uku ne suka tsaya a irin waɗannan wurare. Akwai uban da ya kai shi makaranta, da abokin da ya tsaya masa a tashar jirgi, da mai masana'antar da ya ba shi tebur da alƙalami ya jira ya ga abin da zai yi. Babu likita ko ɗaya a cikinsu, kuma babu wanda ya miƙar masa da ƙashi. Da jikin da aka haife shi da shi ya yi aikin shekara 34 a Amurka, da shi kuma aka binne shi.